Yadda za ka zauna gaban gicciye ka dube shi da kyau

A ɗakin kakata akwai wani gicciye na katako rataye saman ƙofa, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Hannun hagu na siffar Yesu da ke jikinsa ya taɓa ɓallewa, aka liƙa shi da gam, gam ɗin ma har ya yi ja don daɗewa. Na yi shekaru ina shiga ina fita ta ƙarƙashinsa, amma da wani zai tambaye ni wane gefe kan Yesu ya karkata, da ban iya faɗa ba. Sai bayan rasuwarta, ana rabon 'yan kayanta, gwaggona ta miƙo mini shi ta ce, "Ungo, ɗana, kai za ka riƙe wannan." Da na juya shi a hannuna sai na ga fentin ƙafafun ya goge sarai, katakon ya yi sulɓi har yana sheƙi. Ashe duk sanda za ta fita sai ta tsaya ta ɗaga hannu ta taɓa wurin. Ita da ba ta taɓa shiga aji ba tana tsayawa, ni kuwa wucewa kawai nake yi.

Sabo yana makantar da ido. Gicciye yana wuyanmu, yana jikin madubin mota, yana kan bagade, yana kan kalanda, har a zanen zumuntar mata akwai shi, kuma saboda yawan ganinsa mun daina ganinsa. Abin da zan shimfiɗa a nan hanya ce ta tsayawa gabansa na ɗan lokaci, minti 15 ko 20, a dube shi kamar yau aka fara gani. Ba ni na ƙirƙiro ta ba. Gutsattsarinta na tsinto daga abin da ikkilisiya ta daɗe tana yi, na jera su yadda suka yi mini amfani.

Kafin mu fara, magana biyu

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, gicciye, amma iri biyu ne a majami'unmu. Akwai mai siffar jikin Yesu, wanda Katolika da Otodoks da Kiristoci da yawa na Anglikan da Lutheran suke amfani da shi. Akwai kuma wanda ba kowa a kansa, irin wanda za ka gani a ECWA ko COCIN ko Baptis. Masu na biyun suna cewa Yesu ya tashi, ba ya kan itace yanzu, kuma gaskiya suka faɗa. Masu na farko suna riƙe da maganar Bulus a 1 Korantiyawa 1:23, cewa Almasihu gicciyayye muke wa'azinsa, su ma gaskiya suka faɗa. Ni Katolika ne, don haka mai siffa zan yi ta ambata. In kai ɗan ikkilisiyar da ba ta amfani da siffa ne, kada ka matsa wa lamirinka. Ka buɗe Yohanna sura 19 a gaban gicciyen da kake da shi, nassin ya zana maka abin da katako bai zana ba, sauran matakan duk naka ne.

Magana ta biyu ita ce tambayar da kowane Katolika a ƙasar nan ya sha: wannan ba bautar gunki ba ce? Tambaya ce mai nauyi, don Fitowa 20:4-5 ta hana sassaƙa siffa a yi mata sujada. Ikkilisiya ta yi dogon rikici a kan wannan, har aka farfasa siffofi a daular Rumawa ta gabas, kafin taron Nikiya na biyu a shekarar 787 ya yanke cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai, girmamawar da aka yi wa siffa kuwa tana wucewa ne zuwa ga wanda siffar take nunawa. Wanda ya ɗauko hoton mahaifiyarsa da ta rasu ya rungume, ba takarda yake ƙauna ba.

Amma akwai gargaɗi, kuma daga Littafi Mai Tsarki yake. A Littafin Ƙidaya sura 21 Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji ya ɗaga shi a kan sanda, duk wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Yesu ya ɗauki wannan ya kwatanta kansa da shi a Yohanna 3:14. To, macijin tagullan nan dai, bayan ɗaruruwan shekaru, sarki Hezekiya ya farfashe shi, don mutane sun koma ƙona masa turare (2 Sarakuna 18:4). Gicciye ba laya ba ne. Ba ya tsare mota daga haɗari don an rataye shi a madubi, ba ya korar mayu don an cusa shi ƙarƙashin matashi. In a haka ka ɗauke shi, ka fara gyara wannan tukuna.

Mataki na farko: ka ware lokaci, ka sauko da shi

Ka zaɓi lokacin da gida ya yi tsit, da asuba kafin yara su tashi ko da dare bayan an rufe ƙofa. Mai hali ya gwada ranar Juma'a da ƙarfe 3 na yamma, don Markus sura 15 ta ce an gicciye Yesu da ƙarfe 9 na safe, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe 3, a lokacin ne ya yi kira da babbar murya ya saki ransa. Majami'u da yawa a buɗe suke a wannan lokaci, ba kowa sai mai shara.

In a gida ne, ka sauko da gicciyen daga bango. Wannan ƙaramin abu ne amma yana da tasiri: abin da ke can sama kusa da silin ado ne, abin da ke hannunka ko a kan tebur daidai idonka kuwa ba ka iya kauce masa. Ka goge masa ƙurar hunturu. Wayarka ka bar ta a wani ɗaki. Ka zauna ko ka durƙusa, wanda jikinka zai iya jurewa ba tare da gwiwa ta ɗauke maka hankali ba.

Mataki na biyu: ka yi shiru

Ka yi alamar gicciye a hankali, goshi, ƙirji, kafaɗa da kafaɗa, kana faɗin kalmomin ɗaya bayan ɗaya: da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Daga nan kada ka ce komai na minti 2. Za ka ji tunanin kuɗin makaranta da bashin mai shago suna ta zuwa. Bar su su wuce. Ka roƙi abu ɗaya kawai, a buɗe maka ido.

Mataki na uku: ka tuna mene ne wannan abu tun asali

A nan nake so ka daɗe, don a nan sabo ya fi cutar mu. Mun saba ganin gicciye na zinariya da na azurfa, har mun manta cewa kayan kisa ne. Rumawa sun keɓe shi ga bayi da 'yan fashi da masu tayar wa gwamnati kayar baya, ɗan ƙasar Rum kuwa galibi ba a yi masa wannan hukunci. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan an murƙushe tawayen bayi da Spartakus ya jagoranta, an gicciye mutum wajen 6,000 a jere a bakin hanyar da ta tashi daga Kapuwa zuwa Rum. A bakin hanya ake yi da gangan, a tuɓe mutum, a bar shi cikin rana da ƙudaje, don duk mai wucewa ya gani ya shiga taitayinsa. Wani yakan kwana biyu ko uku bai mutu ba. In ana so a gaggauta sai a karya ƙafafunsa, kamar yadda aka yi wa mutum biyun da ke gefen Yesu a Yohanna 19:32.

A 1968 masu tonon tarihi a Urushalima suka buɗe wani kabari na zamanin, suka sami ƙashin diddigen wani mutum da ƙusar ƙarfe a soke a cikinsa, tsawonta ya ɗara santimita 11, bakinta ya tanƙware har ba a iya zare ta ba, aka binne shi da ita. Ka auna santimita 11 a tafin hannunka, sa'an nan ka dubi ƙafafun siffar da ke gabanka.

Ga Bayahude kuma abin ya wuce azaba, la'ana ce, don Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne. Shi ya sa Kiristocin farko suka daɗe ba su zana Yesu a kan gicciye ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin zane-zanen da suka rage ma na ba'a ne: a jikin wani bango a Rum wani ya zana mutum mai kan jaki a kan gicciye, da wani a tsaye gabansa, ya rubuta cewa ga wane yana bauta wa allahnsa. Sai wajen shekara ta 430, bayan an daina wannan hukunci a daular, aka sassaƙa gicciyewar a ƙofar majami'ar Santa Sabina a Rum, ƙofar tana nan har yau.

Ka lura kuma da yadda marubutan Bishara suka ba da labarin. Ba su tsaya kwatanta jini da tsoka ba. "Suka gicciye shi," shi ke nan, don masu karatunsu sun sha gani da idonsu. Ƙusoshin ma sai a bakin Toma muka ji su, bayan tashin Yesu, a Yohanna 20:25. Don haka ba ana so ka tsorata kanka da hoton azaba ba ne. Ana so ka gane inda Allah ya yarda ya sauka, wato wurin da aka tanada domin waɗanda ba a ɗauke su mutane ba.

Mataki na huɗu: ka bi shi da ido daga sama zuwa ƙasa

Gani ya kori ji. Ka fara daga ɗan allon da ke can sama, mai haruffa huɗu, INRI. Farkon kalmomin Latin ne masu ma'anar "Yesu Banazare, Sarkin Yahudawa". Bilatus ne ya sa aka rubuta da Yahudanci da Latin da Helenanci, laifin da aka kashe shi a kai ke nan. Manyan firistoci suka ce a gyara rubutun, ya ce abin da ya rubuta ya rubuta. Mu da muka san sarauta da rawani da alkyabba da dogarai da algaita, ka tsaya ka dubi wannan sarki. Wace irin sarauta ce wannan, kuma kai da kake kiransa Ubangiji, irin girman da kake nema a gida da wurin aiki ya yi kama da nasa?

Sai kai, da rawanin ƙaya. Duk wanda ya taɓa taka ƙayar aduwa a gona ba takalmi ya san zafin guda ɗaya. Sojoji sun saƙa wannan ne don dariya, suka yafa masa jar alkyabba, suna durƙusawa suna gaishe shi kamar sarki. In an taɓa yi maka dariya a bainar jama'a, ko kai ka taɓa sa aka yi wa wani, a nan ne wurin tunawa.

Ka dubi fuskar. A wasu gicciyen idanunsa a buɗe suke, yana tsaye kamar mai nasara, haka aka fi yi a ƙarnonin farko. A wasu kuma kan ya faɗi a kafaɗa, idanu a rufe, ciki ya zazzago. Ɗaya daga cikin mafi tsufa na wannan iri shi ne babban gicciyen katako da ke majami'ar Kolon a Jamus, na wajen shekara ta 970. Wanne ne naka? Ni sai ranar da na karɓi na kakata na san kansa dama ya karkata.

Sai hannuwa. A buɗe suke, kuma an kafe su a buɗe. Da su ya taɓa kuturu, da su ya gutsuttsura gurasa, da su ya wanke ƙafafun almajiransa a daren da aka bashe shi. Ka buɗe naka tafin ka ɗora a cinya. Me suka yi a makon nan? Wa suka ba, wa suka hana, wa suka mara?

Sai kwiɓi, inda soja ya soke shi da mashi bayan ya riga ya mutu, jini da ruwa suka fito (Yohanna 19:34). Tun zamanin iyayen ikkilisiya ana ganin baftisma da Jibin Ubangiji a cikin ruwan nan da jinin nan. Yohanna ya ƙara da maganar annabi Zakariya, cewa za su dubi wanda suka soke. Abin da kake yi yanzu ke nan.

Daga ƙarshe ƙafafu. A ƙarƙashinsu wasu gicciyen suna da ɗan ƙoƙon kai, yara kan tambaya ko na mene ne. Golgota ma'anarsa wurin ƙoƙon kai, kuma akwai tsohuwar al'ada da ke cewa a nan aka binne Adamu. Ba a nassi take ba, hoto ne na koyarwa: jinin Yesu, Adamu na biyu, yana gangarowa kan na farko, wato kan dukkanmu.

Ba dole ka gama duka a zama ɗaya ba. In idonka ya tsaya a hannuwa ya ƙi gaba, ka tsaya nan har lokacinka ya ƙare.

Mataki na biyar: ka saurari magana ɗaya daga bakinsa

In aka haɗa Bishara huɗu, Yesu ya yi magana sau 7 a kan gicciye. Uku a Luka 23: roƙon gafara ga masu kashe shi, alkawarin Firdausi ga ɗan fashin da ya tuba, da miƙa ruhunsa a hannun Uba. Uku a Yohanna 19: danƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna, "Ina jin ƙishirwa", da "An gama". Ɗaya kuma a Matiyu da Markus: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Ka ɗauki ɗaya tak a kowane zama. Bakwai ne, sun isa mako guda. Ka karanta da murya a hankali sau uku, idonka a kan fuskarsa.

Biyu daga ciki nake so in ɗan tsaya a kansu.

"Ya Uba, ka gafarta musu, don ba su san abin da suke yi ba." A ƙasarmu wannan ba ayar da za a karanta da sauƙin baki ba ce. Akwai masu karanta wannan rubutu da aka kashe musu miji a gona, ko aka ƙone musu gida, ko aka sace musu ɗa aka karɓi kuɗin fansa. Ba zan ce wa irin wannan mutum ya yafe yau-yau ba, kuma ina roƙon masu wa'azi su daina gaggauta wa mutane. Abin da na lura shi ne, Yesu bai juya ga sojojin ya ce "na yafe muku" ba, Uba ya roƙa. In bakinka ya kasa furta yafewa, ka iya fara da nan: ka ambaci sunan mutumin, ko ka ce "waɗanda suka yi mana wannan", ka miƙa su ga Uba, ka ce masa kai ba ka iya ba tukuna. Yafewa kuma ba ta hana neman shari'a da gaskiya. Abin da take hanawa shi ne ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai addininsa ko yarensa ɗaya da mai laifin.

Ta biyu ita ce kukan yashewa. Farkon Zabura 22 ne, Yesu addu'ar mutanensa yake yi da harshen da ya tashi da shi. An koya wa da yawa cikinmu cewa mai bi ba ya tambayar Allah "don me", ko a gidan makoki sai a ce yi shiru, kada ka yi saɓo. Ga shi kuwa Ɗan Allah ya tambaya, da babbar murya. In kana da irin wannan tambaya a ciki shekara da shekaru, gaban gicciye ne wurin fito da ita. Bayan haka ka karanta zaburar har ƙarshe, ka ga inda ta dosa.

A wani gari da ake kira Isenhaim, a yankin da yau yake cikin Faransa, akwai gidan 'yan zuhudu da ke jinyar masu mugun ciwon fata. Tsakanin 1512 da 1516 mai zane Matiyas Grunewald ya yi musu hoton gicciyewa, ya zana jikin Yesu cike da gyambo da tabo, kamar jikin majinyatan da za su dube shi. Duk sanda na je dubiya asibiti na ga ƙaramin gicciye a gefen gadon wani, wannan hoto nake tunawa.

Mataki na shida: yanzu kai ka yi magana

Sai yanzu, bayan ka duba ka kuma saurara. Yawancinmu da jerin buƙatu muke fara addu'a, mu ƙare da shi, shi ya sa na ajiye wannan a baya.

Ignatiyus na Loyola, sojan Sifen da harsashin igwa ya farfasa wa ƙafa a Pamplona a 1521 kafin ya juyo ga Allah, ya bar wata hanya a littafinsa na horon ruhu da aka buga a 1548. Ya ce ka sa Almasihu a kan gicciye a gabanka, ka yi masa magana kamar yadda aboki yake yi wa abokinsa, sa'an nan ka tambayi kanka abu uku: me na yi domin Almasihu, me nake yi dominsa, me ya kamata in yi dominsa.

Ka amsa da sunaye da ranaku. "Ni mai zunubi ne" kowa yana iya faɗa, ba ta da zafi. "Na riƙe kuɗin yarinyar da ke mana aiki wata biyu" ita ce mai zafi. "Ban gaishe da ƙanena ba tun rabon gado." "Na ƙara a mudu da baki, na rage da hannu." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In abin da ya fito mai nauyi ne, kai Katolika, ka nemi Fada ka furta kafin mako ya fita, kada ka bar shi ya kwana a ciki. Wanda ba Katolika ba ya nemi fastonsa ko wani dattijon ikkilisiya da ya amince da shi.

Kada kuma ka tsaya a kan laifinka kaɗai har ka manta wanda ke gabanka. Bulus ya ce a Galatiyawa 2:20, Ɗan Allah ya ƙaunace ni, ya ba da kansa domina. Ka faɗi wannan da bakinka, ka sa sunanka a wurin "ni". Wasu wannan ya fi musu wuya a kan furta zunubi, musamman wanda ya tashi ba a taɓa ce masa ana ƙaunarsa ba.

Mataki na bakwai: ka tashi da aiki ɗaya

Wajen 1205 wani saurayi ɗan mai sayar da yadi a garin Asisi na Italiya, Faransis, ya shiga wata tsohuwar majami'a da ta fara rushewa, San Damiyano, ya durƙusa gaban gicciyen da ke ciki. Masu ba da tarihinsa sun ce a nan ya ji an ce masa ya je ya gyara gidan Ubangiji da ke faɗuwa. Ya tashi ya shiga roƙon duwatsu a gari, yana ɗauka a kafaɗa yana gini da hannunsa. Gicciyen yana nan a Asisi, a majami'ar Santa Kiyara.

Ba lallai ka ji murya ba, ni ban taɓa ji ba. Amma kada ka tashi hannu wofi. Abu ɗaya, ƙarami, wanda za a iya yi kafin rana ta faɗi gobe: kiran waya, biyan bashi, kai abinci gidan gwauruwar da ke layinku, janye wata magana da ka yaɗa. Ka rufe da Addu'ar Ubangiji, ka sake yin alamar gicciye, ka mayar da shi wurinsa.

In abin ya ƙi

Wata rana za ka zauna minti 15 ba ka ji komai ba, katako dai katako. Kada ka ƙirƙiro hawaye, kada kuma ka ce ka fāɗi. Yohanna 19:25 ta ambaci matan da ke wurin, mahaifiyarsa da 'yar'uwarta da Maryamu matar Kilofas da Maryamu Magadaliya, kuma abin da aka ce sun yi kawai shi ne suna tsaye kusa da gicciyen. Ka cika lokacinka ka tashi, gobe ka dawo. In barci ke ɗaukarka, ka yi a tsaye ko ka sauya lokaci.

In yara sun shigo, kada ka kore su. Ka ba su su riƙe, ka bar su su yi tambaya. Ga ƙaramin yaro, "mutane sun yi masa mugunta, shi kuwa bai rama ba, don yana ƙaunarmu, kuma ya tashi a rana ta uku" ya isa. Kullum ka haɗa musu da tashin, kada su kwana da mutuwar kaɗai.

Da yawa cikinmu muna zaune gida ɗaya ko layi ɗaya da Musulmi, wasu ma 'yan'uwanmu ne na jini. Su sun gaskata cewa Annabi Isa ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, haka yake a Alƙur'ani, Suratun Nisa'i aya ta 157. Bambanci ne na gaske, ba a shafe shi da murmushi. In maƙwabci ya tambaye ka, ka faɗa masa abin da ka gaskata a natse, ka saurari nasa. Amma kada ka mai da gicciye tutar tsokana, kada ka ɗaga shi don ka ƙona wa wani rai. Wanda ke kansa bai zagi kowa ba.

Lokacin azumi da Juma'a Mai Kyau

Abin da kake yi kai kaɗai a ɗaki, ikkilisiya tana yinsa a taro. Daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin ikkilisiya, kowace Juma'a ana bin Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da tafiyar Yesu zuwa Golgota, tasha 14, adadin da Paparoma Kilement na 12 ya tsayar a 1731. A majami'u da yawa ana lulluɓe gicciye da yadi mai launin shunayya daga Lahadi ta biyar ta azumi, a ɓoye shi don ido ya yi marmarinsa. Ranar Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Yesu, ba a yin hadayar Mas. Fada yakan buɗe lulluɓin kaɗan-kaɗan har sau uku, yana kiran jama'a su dubi itacen da aka rataye ceton duniya a kansa, sa'an nan a yi layi, kowa ya zo ya durƙusa ko ya sumbata.

Wannan layi tsoho ne ƙwarai. Wata mata mai suna Egeriya da ta yi ziyarar ibada a Urushalima tsakanin 381 da 384 ta rubuta yadda ta gani: bishop yana zaune ya danne itacen da aka gaskata na gicciyen Yesu ne da hannu biyu, dikinoni suna kewaye da shi suna tsaro, mutane suna wucewa ɗaya-ɗaya suna taɓa shi da goshi da idanu suna sumbata. Ta ce tsaron kuwa don an taɓa samun wanda ya gatsa guntu ya tafi da shi. In ka shiga layin bana, zafi ana yi, mutane ɗari da ɗari a bayanka, daƙiƙa biyu ko uku kawai za ka samu. Ka zaɓi tun daga wurin zamanka inda za ka sumbata, da abin da za ka faɗa a zuci.

In gicciyenka ya tsufa ya karye har ba ya gyaruwa, kuma an taɓa sa masa albarka, ba a jefa shi a juji. Ana binne shi a wuri mai tsabta, ko a ƙone a binne tokar, ko a kai wa katikis ya san yadda zai yi. Na kakata hannun ya sake ɓallewa bara da damina. Na kankare tsohon gam ɗin da reza, na sa sabo, na ɗaure da zare ya kwana. Ƙafafun ban sake musu fenti ba.